Karatun Gayya: Hanyar Koyar da Iya Zama da Mutane a Ajin Jami'a, Tare da Misalai daga Ƙasar Rima

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi bayani a kan wata hanya ta koyarwa wadda ake kasa ɗalibai ƙungiya-ƙungiya su yi karatu tare, kowa yana dogaro da ɗan'uwansa, sa'an nan ta nuna yadda wannan hanya ke iya koya wa ɗaliban jami'a zama da mutanen da ba al'adarsu ɗaya ba. Masana ilmin tarbiyya na Amurka da Turai sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kanta. Mu a nan za mu kira ta "karatun gayya", domin kuwa sharuɗɗan da masanan suka gindaya mata sun yi kama ƙwarai da ƙa'idojin aikin gayya wanda manomanmu suka gada kaka da kakanni.

An ɗauko misalai daga ƙasar Rima, watau yankin Wurno da Rabah da Goronyo a gabashin Jihar Sakkwato, saboda dalilai biyu. Na farko, ƙasa ce wadda tun da daɗewa ta tara jinsin mutane iri-iri a bakin ruwa ɗaya. Na biyu, gulbin da ya ratsa ta shi ne ya biyo ta gefen Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda 'ya'yan Rimawa da yawa ke zuwa neman ilmi.

Kafin mu shiga cikin bayani, ya kamata mu fayyace abin da muke nufi da "iya zama da mutane". Abubuwa uku ya ƙunsa. Akwai sani, watau mutum ya san al'adar waɗansu, ya kuma san cewa shi ma tasa al'ada ce cikin al'adu. Akwai hali, watau haƙuri da jinkirta yanke hukunci a kan abin da bai saba gani ba. Akwai kuma aiki, watau iya sauraro da iya tambaya da iya warware saɓani ba tare da cin mutunci ba. Wani masanin koyar da harsuna a Ingila, Michael Byram, ya yi irin wannan rarrabewa a littafinsa na 1997. Sani ana samunsa a littafi, amma hali da aiki sai an yi cuɗanya ake samunsu.

2.0 Taro ba tare da cuɗanya ba

Hukumomin ƙasar nan sun daɗe da ɗaukar makaranta a matsayin wurin haɗa kan jama'a. A 1966 aka buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato domin ta tara yara daga ko'ina cikin Nijeriya. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973. A 1975 aka kafa sababbin jami'o'i bakwai, cikinsu har da ta Sakkwato, wadda ta fara karatu a watan Oktoba na 1977 da ɗalibai 93, aka kuma sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, watau JAMB, ta kafu a 1978, kuma ƙa'idar da aka daɗe ana bi wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari baya wajen ilmin zamani. Wannan shi ya sa za a iske Bagobiri daga Goronyo da Bafillace daga Rabah da Badakkare daga Zuru da Bayarabe daga Ilori da Banufe daga Bida da ɗan ƙabilar Ibo duk a ɗakin lacca ɗaya.

To, amma duk wanda ya tsaya gaban irin wannan aji ya san yadda ake zama a cikinsa. 'Yan gari ɗaya sukan tare a gefe guda, masu harshe ɗaya su kama wa juna benci. Malami ya yi lacca ya fita, kowa ya koma wurin nasa ya yi bitar darasi. A ɗakin kwana da wurin cin abinci da ƙungiyoyin ɗalibai na jiha-jiha da na addini, haka abin yake. Jarrabawa kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Ta haka ɗalibi zai shekara huɗu kusa da wani, ya san fuskarsa da lambarsa, alhali bai taɓa jin ra'ayinsa a kan kome ba.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su zama malaman gona da likitoci da alƙalai da jami'an mulki, a tura su cikin jama'ar da ba su sani ba. Malamin gona wanda bai san yadda ake sallama a ruga ba, bai kuma san dalilin da zai sa dattijo ya yi shiru maimakon ya ce masa "a'a" ba, zai koma ofis ya rubuta cewa mutanen ba su son ci gaba. Wani lokaci kuma abin yakan wuce asarar aiki. A watan Mayu na 2022 an kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci, kuma maganar ta faro ne a dandalin WhatsApp na 'yan aji ɗaya. Kowane malami ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan yadda 'yan aji ɗaya za su kai ga haka, babu wanda ya san iyakar ɗan'uwansa, babu kuma wata amana a tsakani da za ta tsai da fitina tun tana ƙarama.

3.0 Abin da bincike ya nuna

A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Harvard, Gordon Allport, ya wallafa littafi a kan asalin ƙyamar da jinsi ke yi wa jinsi. Ya ce haɗuwa tana rage ƙyama idan an cika sharuɗɗa huɗu: waɗanda suka haɗu su zama matsayinsu ɗaya a wurin haɗuwar, su kasance da buri ɗaya, su nemi burin ta hanyar taimakon juna, kuma shugabanni su goyi bayan haɗuwar.

A wannan shekara ta 1954 Muzafer Sherif, wanda asalinsa mutumin Turkiyya ne, ya yi wani gwaji a Jihar Oklahoma ta Amurka. Ya kai yara maza 22 sansanin hutu a daji, ya raba su gida biyu, ya sa su gasa har gaba ta ƙullu tsakaninsu. Da ya so ya sulhunta su, sai ya fara da tara su wurin cin abinci da kallon majigi, amma sai suka mai da wurin fagen zagi da jifa da abinci. Gabar ba ta lafa ba sai da aka kawo matsalolin da gida ɗaya ba zai iya warwarewa shi kaɗai ba: ruwan sansanin ya yanke, suka fita tare neman inda ya toshe; motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi, suka kama igiya ɗaya suka ja ta.

Elliot Aronson shi ne ya shigo da wannan darasi cikin aji. A 1971, lokacin da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a makarantun birnin Austin na Jihar Texas, rikici ya yi yawa. Sai shi da ɗalibansa suka ƙago wata dabara: a kasa yara ƙungiyoyi na mutum biyar ko shida, a yanka darasi gunduwa-gunduwa, a ba kowane yaro gunduwa ɗaya, a gaya musu jarrabawa za ta shafi dukan darasin. Yaron da a da ake yi wa dariya saboda Turancinsa, yanzu dole a saurare shi, don kuwa abin da ke hannunsa babu shi a hannun kowa. David Johnson da ɗan'uwansa Roger Johnson na Jami'ar Minnesota sun ci gaba da faɗaɗa wannan fanni tun daga littafinsu na 1975. A 2006 kuma Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515 da aka yi a ƙasashe 38, suka gano cewa galibi cuɗanya tana tafiya da raguwar ƙyama, kuma raguwar takan fi yawa inda aka cika sharuɗɗan Allport.

Kada a ce wannan duk labarin Turawa ne, akwai gwajin da aka yi a gida. Alexandra Scacco da Shana Warren sun yi bincike a kan samari 849, Musulmi da Kirista, a birnin Kaduna, suka wallafa shi a 2018. An ba waɗansu daga cikin samarin horon kwamfuta na mako 16, waɗansu a aji gauraye, waɗansu a ajin 'yan addini ɗaya. A ƙarshe ba a ga wani canji ba a ra'ayin da samarin ke faɗa da baki game da mabiya ɗaya addinin. Amma da aka gwada su da rabon kuɗi, waɗanda suka yi karatu a aji gauraye ba su nuna bambanci kamar waɗanda suka yi a ajin 'yan addini ɗaya ba. Abin lura kuma shi ne, zaman da 'yan addini ɗaya suka yi su kaɗai ya ƙara musu fifita nasu. Darussa biyu ke nan ga malamin jami'a. Kada ya sa ran wata huɗu za su sauya abin da aka shekara ashirin ana cusa wa yaro, ko da yake suna iya gyara mu'amalarsa. Kada kuma ya bar ɗalibai su zaɓi abokan ƙungiya da kansu, domin kowa nasa zai zaɓa, aikin ƙungiya ya koma hanyar ƙara tazara.

4.0 Gayya da ƙa'idojinta

Idan aka dubi sharuɗɗan nan da idon basira, za a ga ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Ga yadda gayya take. Mai gona ya ga aiki ya fi ƙarfinsa, ya gayyato samarin gari, ya tanadi fura da tuwo, makaɗan noma su zo da gangunansu. Buri ɗaya ne, a gama gonar kafin rana ta faɗi. A bakin gona ɗan sarki da ɗan talaka galma ɗaya suke riƙe. Kowa da kuyyarsa, saboda haka rago ba shi da maɓoya: wanda aka bari baya kowa na ganinsa, makaɗi ma ya zuga shi ko ya yi masa zambo. Wanda ya riga fita kuwa yakan juyo ya tari kuyyar na baya. Sarkin noma da dattawa suna tsaye a kan al'amarin. Bugu da ƙari, gayya bashi ce, yau gonarka gobe gonata, kuma wanda bai je ta wani ba, ba mai zuwa tasa.

Waɗannan su ne ainihin ginshiƙan da su Johnson suka lissafa: dogaro da juna, da ɗaukar nauyin kai, da aiki fuska da fuska, da ladubban mu'amala, da zama a duba yadda aikin ya gudana. Na biyun, watau ɗaukar nauyin kai, shi ne malamai suka fi mantawa. Tun a 1913 wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Ringelmann, ya nuna cewa mutane in suka taru suna jan igiya, ƙarfin da kowannensu ke sawa yakan ragu gwargwadon yawansu. Abin da aka saba kira aikin ƙungiya a jami'o'inmu shi ne a ba mutum goma take ɗaya, mutum biyu su rubuta, takwas su kawo kuɗin bugawa, a ba su maki ɗaya. Wannan gona ce da ba a raba kuyya ba, kuma ƙarshenta gunaguni, har wanda ya yi aikin ya ce ai mutanen wuri kaza duk cima-zaune ne.

A fagen ilmi ma muna da abin koyi. A tsangaya gardi ke biya wa ƙolo, alarammomi kuma su zauna musaffa suna karatu bi da bi, kowa na gyara wa kowa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take karantar da jaji, ta ɗora mata malfa, ita kuma jajin ta koma ƙauye ta karantar da 'yan'uwanta mata. Mai koyo ya zama mai koyarwa, ilmi ya ƙetare harshe zuwa harshe. Ashe ke nan abin da ake nema shi ne a ɗauki tsarin da jama'a suka riga suka yarda da shi a shigar da shi ɗakin lacca.

5.0 Ƙasar Rima a matsayin abin nazari

Karatun gayya yana bukatar darasin da ke da fuskoki da yawa, wanda mutum ɗaya ba zai iya kewaye shi ba. Ƙasar Rima irin wannan darasi ce. Gulbin Rima ya samu ne daga haɗuwar Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya shiga Jamhuriyar Nijar ya sake dawowa Nijeriya. Wajen 1830 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina ribaɗin Wurno a bakinsa, ya zaunar da jama'a, ya ƙarfafa noma da sana'o'i, kuma a can ya rasu a 1837. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama, a zamaninsa ne Bajamushen nan Barth ya sauka garin a 1853. Rabah ita ce mahaifar Sir Ahmadu Bello, wanda ya zama Sarkin Rabah a 1934, Sardaunan Sakkwato a 1938, ya kuma kafa jami'ar Zariya a 1962. A Goronyo aka datse gulbin da madatsar da aka gama a 1984 aka buɗe a 1992, wadda aka gina don ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. A fadamar nan manoma na noman shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa, makiyaya na neman mashaya da burtali, masunta na su, fatake kuma na lodin albasa zuwa kasuwannin kudu. Hausawa da Fulani da Buzaye da Adarawa da baƙin 'yan kasuwa, duk ruwan nan ɗaya ya tara su. Ita kanta jami'a ba ta fita daga ciki ba, don a watan Satumba na 2010 ambaliyar da ta cinye gonaki da ƙauyuka a Goronyo da sauran garuruwan bakin gulbi ita ce ta yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin jami'ar na dindindin.

Bari mu ɗauka malami yana da ɗalibai 300 a darasin labarin ƙasa, ko aikin gona, ko darussan bai-ɗaya da ake yi wa 'yan shekarar farko. Ga matakan da zai bi.

Mataki na farko, shi da kansa zai kasa su ƙungiyoyi 50 na mutum shida-shida, yana duban jiha da harshe da addini da ƙoƙarin karatu, yadda kowace ƙungiya za ta zama gauraye. Ya kiyaye kada ya bar mace ɗaya tilo cikin maza biyar, ko baƙo ɗaya tilo cikin 'yan gari biyar, in da hali.

Mataki na biyu, zai ba da take ɗaya, alal misali "Ruwan Rima da masu amfani da shi", ya yanka shi gida shida: tarihin zaman jama'a tun daga ribaɗin Wurno, gulbin da madatsarsa, noman rani, kiwo da burtali, su da masunta, da kuma tafiyar albasa daga kasuwar Achida ko Goronyo zuwa kudu. Kowane ɗalibi ya ɗauki kuyya ɗaya. Hikimar a nan ita ce kada a ba mutum abin da ya gada. A ba ɗan manomi kiwo, a ba ɗan makiyayi noman rani, a ba ɗan kudu tarihin Wurno, a ba ɗan Wurno kasuwar kudu. Ta haka kowa zai bukaci ya tambayi wani cikin ƙungiyar, kuma ɗan ƙauyen da ke jin kunyar Turancinsa zai ga ana neman abin da ya sani. Elizabeth Cohen ta Jami'ar Stanford ta nuna a littafinta na 1986 cewa in ba a yi irin wannan shiri ba, masu baki da masu gata ne ke mamaye ƙungiya, sauran su yi shiru.

Mataki na uku, masu kuyya iri ɗaya daga ƙungiyoyi dabam-dabam su taru goma-goma su ƙware a kan rabonsu, su karanta abin da aka rubuta, su kuma yi hira da mutane. Inda halin tsaro bai ba da damar fita ƙauye ba, ana samun manoma da makiyaya da fataken albasa a kasuwannin birnin Sakkwato. A tafi hira bibbiyu, mai jin harshen da wanda ba ya ji, ɗaya na tambaya ɗaya na tafinta.

Mataki na huɗu, kowa ya koma ƙungiyarsa ta asali ya karantar da sauran biyar. Sa'an nan a ɗora musu tambayar da sai an haɗa kuyyoyin shida take amsuwa, kamar a ce: in ruwan madatsa ya yi ƙasa a watan Afrilu, yaya za a raba shi tsakanin mai albasa da mai shanu da mai koma da mutanen birni masu jiran famfo?

Mataki na biyar, jarrabawa. Kowa zai zauna shi kaɗai ya amsa tambayoyi a kan dukan sassan shida. In maki 30 ne na aikin zango, ana iya ba da 20 bisa abin da mutum ya ci da kansa, 10 kuma bisa matsakaicin abin da 'yan ƙungiyarsa suka ci. Wanda ya bar ɗan'uwansa cikin duhu, kansa ya cuta.

Mataki na ƙarshe, wanda shi ne zuciyar al'amarin, ƙungiya ta zauna minti goma sha biyar ta duba zamanta, kowa ya rubuta shafi ɗaya: wane abu ne wani ya yi wanda ya ba ni mamaki, yaya na fassara shi da farko, me na gane bayan na tambaya? A nan ne ɗalibi ke gano cewa wanda ya ƙi haɗa ido da shi ladabi yake yi masa, wadda ba ta miƙa masa hannu ba ba raina shi ta yi ba, mai ɗaga murya wajen muhawara ba faɗa yake nema ba, mai doguwar gaisuwa kuma ba ɓata lokaci yake yi ba.

Amfanin wannan ya wuce na aji. Gabashin Sakkwato ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kamar wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, inda aka kashe fiye da mutum 40. Karatun gayya ba zai kwance wa ɗan bindiga ɗamara ba. Amma ɗaya daga cikin illolin wannan masifa shi ne yi wa jinsi guda kuɗin goro, kuma ɗan manomin da ya yi mako shida yana nazarin yadda gonaki suka cinye burtali, da ɗan makiyayin da ya lissafa abin da manomi ke kashewa kafin albasa ta nuna, da wuya su yarda da kuɗin goro in sun zama masu faɗa a ji.

6.0 Matsaloli da hanyoyin rage su

Matsala ta farko ita ce harshe. Da Turanci ake karatu, amma da zarar ƙungiya ta keɓe, masu rinjaye sukan juye Hausa, wanda ba ya ji ya koma ɗan kallo. Hana Hausa ba shi ne magani ba, domin da ita wani ke fahimta. A dai kafa doka cewa duk abin da aka faɗa da wani harshe, mai faɗar ya fassara nan take, a kuma riƙa juya aikin shugaba da magatakarda da tafinta mako-mako. Ko tsakanin Hausawa akwai aiki: Bakanon da ke dariyar "hwari" da "tahi" da "wagga" yana bukatar ya san cewa Sakkwatanci karin harshe ne mai tarihi da adabi.

Ta biyu ita ce barkwanci. Taubasantaka tsohuwar hanya ce ta rage zafi tsakanin jinsi da jinsi: Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari, Fulani da Tibi, Katsinawa da Nufawa. Tana iya buɗe zance a ƙungiya. Sai dai wasa ne mai ƙa'ida, wanda ke tafiya in duk ɓangarorin biyu sun san shi. Yaron da ya taso a Legas bai san shi taubashin Bagobiri ba ne, zagi zai ji. Wajibi ne malami ya yi bayanin wannan al'ada tun farko, ya kuma faɗa ƙarara cewa addini da abin da mutane ke girmamawa ba su shiga wasa, a aji ne ko a dandalin waya.

Ta uku ita ce lokaci da wuri. A tsara zaman ƙungiya yadda ba zai ci karo da lokacin salla ko Juma'a ko Lahadi ba, a kuma yi shi da rana a fili cikin makaranta, don matan aure da masu zuwa daga gari su samu halarta. Bencin da aka kafe a ɗakin lacca yana hana zama da'ira, amma gindin itace bai hana ba.

Ta huɗu ita ce nauyin da ke kan malami. Shirya ƙungiya 50 da duba takardunsu aiki ne ja. A fara da darasi ɗaya a zango, na mako huɗu zuwa shida, a nemi taimakon ɗaliban babban digiri. Nan ne sharaɗin Allport na huɗu ya shigo: in shugaban sashe da majalisar jami'a ba su amince da rabon makin ba, ba su kuma lissafa wannan wahala cikin aikin malami ba, abin zai mutu da ƙwazon mutum ɗaya.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa tara ɗalibai daga sassa dabam-dabam a ɗaki ɗaya, wanda hukuma ta riga ta yi, rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun malami, shi ne ya shirya darasi yadda kowane ɗalibi zai bukaci ɗan'uwansa, kowa kuma a ga kuyyarsa. Binciken da aka yi a Amurka da wanda aka yi a Kaduna sun nuna amfanin wannan hanya da kuma iyakarta, gayya da musaffa da 'Yan Taru sun nuna cewa ba baƙuwa ba ce gare mu, ƙasar Rima kuwa ta ba mu darasin da za a gwada ta a kai. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta sanar da mu cewa hikimar rarraba mutane dangi-dangi ita ce su san juna. Shawararmu ita ce sassan koyar da ilmin tarbiyya da aikin gona da labarin ƙasa na manyan makarantun Sakkwato, har da Kwalejin Aikin Gona ta Wurno, su gwada wannan tsari a darasi ɗaya na shekarar farko, su auna mu'amalar ɗalibai kafin a fara da bayan an gama, su kawo sakamakon gaban taro irin wannan domin a tattauna. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gani ya kori ji.